Layi Ɗaya, Tsallake Ɗaya

A shagona na bayan tasha, nan Kusiri,
allon kallo ɗaya ne, na bashi,
da na'urar gem mai tari idan ta yi zafi.
In ka shiga cikinta, lamba biyu take nuna maka:
dubu da tamanin,
ɗari bakwai da ashirin.
Kowa ya zo, babbar yake nunawa da yatsa.
Alhaji Abakura ya ce, wa ya taɓa ganin mai hankali
an miƙa masa buhu ya zaɓi tiya?

Na ce, Alhaji, buhun nan rabi-rabi ake auna shi.
Noma take irin na mai gaggawa:
ta ja kunya ta ɗaya, ta tsallake ta biyu,
ta uku, ta biyar, har ƙarshen gona,
sannan ta ruga sama
ta cike waɗanda ta bari.
Rabin hoto yanzu, rabi bayan ƙiftawa,
kai, ƙiftawa ma ta yi tsawo.
Ido kuwa mai saurin yarda ne,
ya ɗinke biyun, ya rantse ya ga mutum.

Ƙaramar ba ta san tsallake ba.
Daga sama har ƙasa, layi na bin layi,
kamar yatsa a kan shafi.
Hoto guda, lokaci guda, sai na gaba.

Da dare manya ke zuwa, su da shayinsu.
A fim mace na zaune bakin taga,
ba ta motsi, labule ma ba ya motsi.
Nan babbar lamba ke cin kasuwarta:
ana ƙirga zaren mayafi,
ana ganin tabon da ke ƙasan kunne.
Abin da ya zauna lafiya, ba a ganin ɗinkinsa.

Bayan azahar kuwa yara ne, sefa ɗari-ɗari a tafin hannu.
Tanimu ya ja ɗan wasansa ta gefen fili,
sai ga ƙafa ta tsage,
gefen riga ya fito da haƙora kamar matsefi,
ƙwallo ɗaya ta zama biyu, duk ba ta cika ba.
Ya danna, allo na can yana haɗa rabi da rabi,
kafin ya gama an zura masa.
Ya yar da madanni. Baba Ɗayyabu, injinka ya ci kuɗina!
Na rage lamba. Hoto ya ɗan yi laushi,
amma ƙafa ta koma ƙafa.
Ya ci uku da nema, bai ce na gode ba.

Na daɗe ina dariyar wannan
kafin wata Juma'a a kan gada.

Iyalina na ƙetaren Logon, a Njamena.
Kwana shida ina nan, ɗaya ina can.
Ladidi, 'yata, layi-layi nake samunta:
wannan mako haƙori na girgiza,
mako mai zuwa gurbi,
ranar da ya fita na tsallake.
Ta fara cewa wata kalma da Larabcin unguwa,
ban san bakin da ta tsinta ba.
Ina ɗinkewa a babur, ina cewa na san yarinyata.
Da zaune take bakin taga, da na yi gaskiya.
Ita kuwa gudu take.

Jiya na rufe shago da la'asar sakaliya,
Alhaji na tsaye da kofinsa, yana tambayar fim.
Cinikin dare ya tafi, na sani, na ƙirga shi a hanya,
har da bashin allo.
Na tarar tana tsallen igiya a ƙofar gida,
ƙura a gwiwa, kitso ya kwance gefe ɗaya.
Na tsaya ban kashe babur ba,
ina kallonta daga sama har ƙasa.